Wa Ke Shanye Ruwan Tafkinmu? Darasi a Kan Farantan Sola Bisa Ruwa

 Darasin wannan wata a kan ruwan rani ne. A karanta shi a taron jam'iyya sannu a hankali, gama akwai lissafi a ciki. Magatakarda ya zo da allo da alli. In babu, a share ƙasa a yi lissafin da tsinke.

Kowa ya san yadda abin yake tafiya. A watan Satumba tafki ya cika maƙil. A Nuwamba an dasa tumatir da tattasai da albasa. Kafin Fabrairu ya ƙare ruwa ya ja da baya, ana ta ƙara tsawon mesa. A Maris, daidai lokacin da albasa ta fara yin kai, sai a tarar da laka. Sa'an nan magana ta tashi. Wannan ya ce mai babban inji ne ya zuƙe ruwan. Wancan ya ce masu buga bulo ne. Da yawa kuwa sukan ce shanun makiyaya ne. A ƙasarmu ta yau irin wannan zargi ba ƙaramin abu ba ne, kun kuwa san inda yakan kai mutane.

Yanzu kuma ga wani sabon labari ya shigo. Waɗansu sun gani a waya, an shimfiɗa farantan sola bisa ruwa a waɗansu ƙasashe, ana cewa suna ba da wuta, suna kuma hana ruwa ƙafewa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, masu lambu da yawa sun koma ga injin ban ruwa mai aiki da sola, saboda haka farantan ba baƙi ba ne a wurinmu. Tambayar ita ce, ko ya kamata jam'iyya ta fasa asusunta ta sa su bisa tafki? Kafin mu amsa, sai mun san ko wane ne yake shan ruwan, da kuma yawan abin da yake sha.

Mai shan da ba a gani

In mace ta shanya rigar da ta wanke, ruwan da ke cikinta ba ya zuba ƙasa duka. Yana zama tururi ya bi iska. Haka yake faruwa a fuskar tafki dare da rana, ko da ido ba ya gani. Abu uku ke sa shi ya yi sauri: zafin rana, da bushewar iska, da kaɗawarta. Mu kuwa muna da duka ukun. Da hunturu rana ba ta da zafi ƙwarai, amma iskar da ke fitowa daga arewa maso gabas busasshiya ce ƙayau, ita ce mai tsattsage leɓe da diddige, haka kuma take lasar tafki. Da bazara sai zafi ya haɗu da ita.

A ƙasar Hausa, ruwan da ke buɗe yakan sauka wajen milimita 5 zuwa 8 kowace rana da rani, watau kusan kaurin fensir. A shekara guda abin yakan tasam ma mita 2. Ruwan sama da muke samu a wannan yanki kuwa wajen mita 1 ne a shekara, wani lokaci bai kai ba. Watau abin da rana take iya ɗauka ya ninka abin da gajimare yake kawowa.

Kaurin fensir kamar ba kome ba ne. To, bari mu auna shi da duro, irin mai cin lita 200. A ɗauki tafki mai faɗin hekta 1, watau taki 100 na babban mutum ta kowane gefe, ko eka biyu da rabi. In ruwansa ya sauka milimita 1, an rasa lita 10,000, duro 50 ke nan. In ya sauka milimita 6 a yini, an rasa duro 300. Kowace rana ta Allah. Daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Mayu kwana 200 ne, ko kusa da haka. Milimita 6 sau 200 ya zama mita 1 da santimita 20, watau ruwa mai kai wa babban mutum ƙirji ya tafi, ba wanda ya ɗebi ko moɗa.

Yanzu a kawo shanu. Saniya takan sha lita 30 zuwa 40 a yini da zafi. Garke mai shanu 200 in ya sha ya ƙoshi, lita 8,000 ke nan, duro 40. Shanu 200 duro 40, rana da iska duro 300. Ba mu ce shanu ba su da laifi ba ko kaɗan. Suna tattake gaɓa, suna tura laka cikin ruwa, suna shiga fangali in ba a kula ba, waɗannan kuwa abubuwa ne da za a zauna a daidaita da ardo. Amma a kan ƙafewar ruwa, wanda ya fi kowa ɓarna ba ya zuwa da ƙafa.

Manyan madatsai ma haka suke fama. Dam ɗin Tiga na Jihar Kano, wanda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, faɗinsa ya wuce hekta 17,000 in ya cika. Mita 1 kaɗai in ta sauka daga fuskarsa, ruwan da aka rasa ya yi kusan daidai da dukan abin da dam ɗin Zoɓe na kusa da Dutsin-Ma yake riƙewa. A yi tunani a kan wannan.

Yadda farantan suke zama bisa ruwa

Wanda ya taɓa ganin masunta a Argungu sun hau gora suna yawo bisa kogi, ya riga ya gane dabarar. Ana ƙera robobi masu iska a ciki, masu kauri, waɗanda rana ba ta saurin cinye su. Ana harhaɗa su da ƙusoshi su zama kamar babbar tabarma. A bisansu ake ɗaura farantan, a ɗan karkace. Sa'an nan a ɗaure tabarmar da igiyoyi, waɗansu zuwa turaku a gaɓa, waɗansu zuwa manyan duwatsun siminti da aka nutsar a ƙasan ruwa. Wayar wuta kuma ta bi ta kan robobi ta fita tudu.

Amfaninsu uku ne. Suna yi wa ruwa inuwa, suna kuma tare iska daga fuskarsa, don haka tururi yana raguwa a inda suka rufe. Ba su cin gona, alhali a tudu tashar sola mai megawat 1 takan ci fili hekta 1 zuwa 2. Na uku, ruwa yana sanyaya su. Mutane da yawa suna tsammani ƙarin zafi ƙarin wuta ne. Ba haka ba ne. Faranti haske yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. A watan Afrilu da tsakar rana faranti yakan yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kansa, a lokacin nan yakan rasa fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa. Bisa ruwa asarar takan ragu kaɗan.

Dabarar ba ta daɗe ba. A Japan aka fara gwada ta a 2007. A 2008 waɗansu masu gonar inabi a Kalifoniya ta Amurka suka sa farantai bisa tafkin ban ruwansu, domin ba su so su sare inabi su ba farantai wuri. A 2012 Jihar Gujarat ta Indiya ta bi wata hanya dabam. Maimakon robobi, sai aka kafa ƙarafa aka yi wa hanyar ruwan noma rufi da farantai, tsawon mita 750, masu ba da megawat 1. Masu aikin sun ƙiyasta rufin yana ceton lita miliyan 9 a shekara, watau duro 45,000. Ku riƙe wannan na Gujarat a zuciya, za mu komo kansa. Har yanzu a Indiya, a wani gari mai suna Ramagundam, an gama tasha mai megawat 100 bisa ruwa a 2022. Ta rufe wajen eka 500, an kuma ƙiyasta tana ceton ruwa sama da duro miliyan 16 a shekara.

A nan Afirka ta Yamma, Gana ce ta yi gaba. A dam ɗin Bui, wanda ke kan kogin Baƙar Bolta, hukumar dam ɗin ta kammala farantai masu megawat 5 bisa ruwa a 2023. Can dabarar ta yi kyau ƙwarai, gama dam ɗin da ma na wutar lantarki ne, wayoyi da ma'aikata suna nan a shirye. Da rana sola ta ba da wuta a tsimi ruwa, da dare a saki ruwa ya juya injuna. A Maroko kuwa ƙishirwa ce ta kai su. Sun yi shekaru a jere ana fari, dabbobi suka ragu, har a 2025 Sarki Muhammad na Shida ya roƙi jama'arsa su haƙura da yanka ragon layya a shekarar. A wani dam kusa da babbar tashar jiragen ruwa ta Tanja suka shiga shimfiɗa farantai domin su rufe wajen hekta 10, da niyyar rage ƙafewar ruwa da kuma ba tashar wuta.

Ku lura da abu guda a cikin dukan waɗannan. In ban da masu inabi, duka aikin gwamnati ne ko na babban kamfani, kowannensu kuma yana da inda zai kai wutar ya sayar ko ya yi aiki da ita. Wuta ce take biyan kuɗin farantai. Ruwan da aka ceta gyara ne, irin wanda mai awo yake ƙara wa mai saye.

Mu kawo lissafin gida

Faranti guda irin manyan da ake sayarwa a Funtuwa ko Kano, tsawonsa wajen mita 2 ne, faɗinsa mita 1. Injin ban ruwa na lambun jam'iyya, a ce yana bukatar faranti 8. In an jera su bisa robobi, za su rufe wuri mai taki 5 a tsaye, taki 4 a kwance, watau murabba'in mita 20. Kowane murabba'in mita yana rasa lita 6 a yini. Sau 20, lita 120. Ko da inuwar ta hana tururi ɗungum, abin da ba ta yi, ba a ceci ko duro ɗaya cikakke ba. Rana kuwa tana nan tana shan sauran duro 299 da ɗoriya.

To, a ce jam'iyya ta yi zuciya, tana so ta rufe kashi ɗaya cikin huɗu na tafkin. Wannan murabba'in mita 2,500 ne, zai ci faranti wajen 1,000. Ma'aji ya tambayo kuɗin faranti guda a kasuwa, ya ninka sau dubu, ya ƙara kuɗin robobi da igiyoyi da wayoyi da na ma'aikata, sa'an nan ya faɗa wa taro. Wutar da za ta fito ta isa gari guda, injin jam'iyya ba zai sha ko kashi ɗaya cikin ɗari ba, sauran kuwa ba wayar da za ta kai ta ko'ina. Ruwan da aka ceta fa? In ya yi yawa, duro 75 a yini.

Ga wata hanya mai sauƙi ta riƙe wannan. Lambun da ya yi ganye sosai yana shan ruwa kusan daidai da yadda buɗaɗɗen tafki yake rasa shi. Saboda haka faɗin da ka rufe a tafki, shi ne faɗin lambun da ka ƙara, ko ƙasa da haka. Ka rufe taki 5 da taki 4, ka sami ruwan fangali uku ko huɗu. In wani ya zo da takarda mai hotuna ya ce faranti goma za su sa tafkinku ya kai damina, ku ba shi alli ya yi wannan lissafi a gabanku. Kada jam'iyya ta yi cinikin biri a sama.

Akwai kuma wahalolin da mai talla ba ya faɗa. Tafkunanmu ba kamar na Bui ba ne, suna sauka mita 2 ko 3, waɗansu su ƙafe sarai. Tabarmar robobi za ta zauna a laka, a karkace, inda shanu da yara za su iya kai gare ta. Igiya kuma tilas ta zama mai sassauci domin ta bi ruwa sama da ƙasa, igiya mai sassauci kuwa ita ce iska take wasa da ita. Kun san guguwar farkon damina mai yaye kwanon ɗaki. A Japan, a watan Satumba 2019, guguwa ta tsinke igiyoyin wata babbar tasha a dam ɗin Yamakura, farantai suka hau kan juna har wuta ta kama, a tsakiyar ruwa. In haka ta sami masu ƙera abin, ina ga wanda ya ɗaura nasa bisa tsofaffin jarkoki? Jarka da duron roba na kasuwa rana tana busar da su su tsage. Duron da aka taɓa zuba maganin feshi a ciki kuwa, kada ya kusanci ruwan da mutum ko dabba za su sha, kome wankin da aka yi masa.

Sai ƙura. Da hunturu faranti yana bukatar shafewa da tsumma mai laushi kowane 'yan kwanaki, in ba haka ba ƙarfinsa ya faɗi. Balbela kuma ba ta ƙin wurin sauka a tsakiyar ruwa, kashinta yana toshe haske fiye da ƙura. Wa zai riƙa shiga ruwa yana wannan aiki? Ku tuna ruwan tafki ne yake kawo tsargiya, ciwon fitsarin jini, ta wurin ƙananan katantanwa da ke zaune a gefensa. Mafi hatsari duka, faranti 8 in an haɗa su a jere wutarsu takan wuce bolt 300, ta isa ta kashe mutum. Waya ɗaya da ta ɗaye a cikin ruwan da yara ke wanka, ba ma so mu ƙarasa faɗa. Maganar tsaro kuma ba sai mun tuna muku ba. Kayan da ke kwana a daji nesa da gari a wannan zamani, kowa ya san ba a ba da tabbacinsa.

Masu kifi su ma su sani, in an rufe fuskar ruwa da yawa, iskar da kifi yake shaƙa a cikin ruwa tana raguwa, ƙananan tsiron da karfasa take ci kuma ba su samun haske. Tarwaɗa tana da jimiri, karfasa ba ta kai ta ba.

Inda dabarar ta dace da mu

Ba mu ce a yar da dabarar ba. A manyan madatsai na gwamnati irin su Zoɓe da Jibiya da Mairuwa, inda ruwa ba ya ƙafewa, inda kuma ake bukatar wuta mai yawa domin tura ruwan famfo zuwa gari, abin yana da ma'ana, ya kuma kamata wakilanmu su riƙa tambaya a kai. Wannan aikin hukuma ne.

Namu na jam'iyya shi ne irin na Gujarat, a ƙanƙance. Lambu mai injin sola yana bukatar wurin tara ruwa, domin inji yana aiki da tsakar rana, ban ruwa kuwa ya fi kyau da safe ko da yamma. In za ku gina kwatarniyar siminti ta tara ruwa, ku yi ta mai zurfi, bakinta ya zama taki 5 da taki 4, sa'an nan ku kafa ƙarafa ku ɗora farantan nan 8 a bisanta su zama rufi. Farantan da ma za ku saye su saboda inji, ƙarafan da ma za ku kafa su a wani wuri. Ga shi yanzu sun rufe ruwan duka, ba kashi ɗaya cikin ɗari biyar ba. Ba robobi, ba igiya, ba shiga ruwa. Gansakuka za ta ragu domin ba haske. Wayoyi suna sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. A karkata farantan kaɗan su fuskanci kudu, a bar tazarar da mutum zai iya sunkuyawa ya yashe kwatarniyar, a kuma kewaye ta da shinge saboda ƙananan yara. Wanda ya koyi aikin wuta shi ne zai haɗa wayoyin, ba kowane mai karambani ba.

Abin da ya fi faranti araha

Babban maganin rana shi ne zurfi. Rana ba ta san zurfin ruwa ba, fuskarsa kaɗai take gani. Ga tafki biyu, kowanne yana riƙe duro 100,000. Na fari faɗinsa hekta 1, zurfinsa mita 2. Na biyu rabin hekta, zurfinsa mita 4. Rani ya ɗauke mita 1 da santimita 20 daga kowannensu. Na fari ya rasa duro 60,000, saura 40,000. Na biyu ya rasa 30,000, saura 70,000. Bambancin duro 30,000 ne, ninki biyu na abin da faranti 1,000 za su ceta a rani guda, ba kuwa a sayi kome daga waje ba.

Wannan ya shafe mu ƙwarai. Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da taimakon Bankin Duniya, ya haɗa da ƙasar Ƙanƙara da Faskari, ya yi hanyoyi, ya kuma gina ƙananan madatsai na ƙasa. Madatsar da ta kai waɗannan shekaru, kowace damina ruwa yana kawo mata yashi da laka daga gonakin da ke sama da ita. Sannu sannu tulu ya zama faranti. Dattawa su faɗa wa taro inda ruwa yake kai wa mutum a dā, a gwada da yau. In tafki ya ƙafe a Afrilu, lokacin yasa ke nan. A yi gayya, a fara da wuri guda kusa da inda ya fi zurfi, a mai da shi rami sosai, maimakon a kankare ko'ina kaɗan kaɗan. Baƙar lakar da aka kwaso taki ce, a kai ta gona da amalanke. Amma a yi hankali da abu biyu. Kada a haƙa dab da gindin bangon madatsa, a raunana shi. In kuma an ga yumɓu ya ƙare an fara taɓo yashi ko tsakuwa, a tsaya, gama yumɓun nan shi ne yake hana ruwa tsiyayewa ƙasa.

In tafkin yana da kwarin biyu ko uku da sukan rabu sa'ad da ruwa ya ja, kada a bar kowanne yana ƙafewa shi kaɗai. A sa inji a tattara su a cikin wanda ya fi zurfi. Ruwan bai ƙaru ba, amma fuskar da rana take lasa ta ragu.

Na biyu, a tare iska. A kwarin Majiya, wajen Buza a ƙasar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, tun 1975 manoma Hausawa tare da ƙungiyar CARE suka dasa dogayen layukan darbejiya, wadda waɗansu suke kira bedi, domin su kare gonakinsu daga iska. Layin itatuwa yana rage ƙarfin iska a bayansa har nisan da ya kai tsawonsa sau 10. Ga ƙaramin tafki wannan ba kaɗan ba ne. A dasa ta gefen arewa maso gabas, inda hunturu yake fitowa, a ja baya da bakin ruwa taki 20 ko fiye. Kada a dasa kome a kan bangon madatsa, saiwa tana huda shi. Turare kuma a bar shi, shi kansa mashayin ruwa ne. Haka nan kacala da sauran dogayen ciyayin da ke tsaye cikin ruwa, kada a ɗauka inuwa suke yi. Suna zuƙar ruwa da saiwa suna fitar da shi ta ganye, suna kuma tara laka da katantanwa. Mutanen Hadeja da Nguru sun ga yadda kacala ta toshe musu hanyoyin ruwa. A cire ta tun tana kaɗan.

Na uku, iyayenmu sun riga mu sani. Rafi ya ƙafe a ido, amma mace ta tona yashi kamu biyu ko uku ta sami ruwa mai sanyi. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Yashi rufi ne wanda ba a saya, gama in ruwa ya yi ƙasa da fuskar yashi kamar tsawon hannu, rana ba ta ƙara samunsa sai kaɗan. A ƙasar Kenya, wajen Machakos da Kitui, jama'a suna gina gajeren bango na dutse da siminti a gicciye cikin rafi, bisa dutsen ƙasa, su bar damina ta cika bayansa da yashi. Ruwa yana ɓuya a cikin yashin har rani. A nan gida kuma, bututun da ake kafawa cikin yashin fadama, wanda Aikin Fadama na tarayya ya ƙara yaɗawa tun daga 1993, daga irin wannan ruwa yake sha. Ƙaramin injin sola ya dace da shi sosai, domin ruwan ba shi da nisa. Jam'iyyar da ke da rafi mai yashi kusa, ta nemi malamin gona na KTARDA ya zo ya duba kafin ta sa kuɗi a wani abu.

Aikin wannan wata

Lissafin da muka yi na milimita 6 ne, tafkinku kuwa yana da nasa hali. Wani tafki ba rana ce ta fi cinsa ba, yoyo yake yi ta ƙasa, irin wannan kuwa ko an rufe shi ruf da farantai ba zai kai bazara ba. Saboda haka kowace jam'iyya ta auna nata.

A sami sanda madaidaiciya, a yi mata zane da wuƙa kowane santimita, a kafa ta da ƙarfi cikin ruwa inda shanu ba su bi. A sami babban daro, ko rabin duro mai tsabta, a cika shi da ruwan tafkin saura kamar yatsa huɗu, a yi alama a inda ruwan ya tsaya. A binne gindinsa cikin laka a bakin ruwa, a rufe shi da ragar waya saboda awaki da tsuntsaye. A zaɓi kwana uku da 'yan jam'iyya suka yarda ba mai ta da inji, a kuma sa yaro ya ƙirga shanun da suka sha kowace rana. Da safe, a lokaci guda, mutum biyu su duba sanda da daro, su rubuta.

Daro yakan fi tafki saurin ƙafewa domin ƙarami ne, yana ɗaukar zafi. Don haka abin da daro ya rasa, a ɗauki kashi 7 cikin 10, shi ne rabon rana a tafki. Misali, in daro ya sauka santimita 3 cikin kwana uku, rabon rana santimita 2 ne da ɗan kai. In sanda ta nuna santimita 2 ko 3, tafkinku lafiya yake, rana ce abokiyar gabarku, sai a shirya gayyar yasa da dashen itatuwa. In kuwa sanda ta nuna santimita 5 ko 6, akwai inda ruwa yake bi. A zaga bayan bango a nemi wurin da ciyawa take kore shar da rani, ko ramin gara, ko tsohon kututture da ya ruɓe a ciki.

A maimaita awon sau ɗaya a Disamba, sau ɗaya a Maris. Magatakarda ya rubuta shi a littafin jam'iyya tare da faɗin tafkin da taki, da ranar da ruwa ya ƙare a bana. In za a zauna da makiyaya a kan mashaya, a tafi da littafin.